Motar Lantarki a Ma'aunin Masu Motocin Kafanchan da Kudancin Kaduna

Tun daga ranar 29 ga Mayu 2023, lokacin da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya bayyana a jawabinsa na kama mulki cewa tallafin man fetur ya ƙare, lissafin duk mai abin hawa a Nijeriya ya canja, domin litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kai 617 a watan Yulin wannan shekara, sannan ta zarce naira 1,000 a Oktoban 2024. Masu manyan motoci da ke shan man dizal, wanda direbobi suka fi kira man gas, sun riga kowa ɗanɗana wannan ɗaci, saboda an daɗe da sakar wa kasuwa farashinsa. A cikin wannan yanayi ne maganar motar lantarki, wato motar da ba ta da injin ƙona mai sai batir da ake yi wa caji da na'urar da ke juya ƙafafu da ƙarfin wuta, ta fito daga shafukan jarida ta shiga tasha da gareji da majalisar yamma. Abin da ya cancanci nazari shi ne yadda masu motocin suke auna ta a gari irin Kafanchan, wanda ba babban birnin jiha ba ne, amma mahaɗa ce da rayuwarta ta dogara kacokan a kan sufuri.

Kafanchan, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Jema'a, gari ne da sufuri ya haifa, domin ya bunƙasa ne bayan layin dogon da ya taso daga Fatakwal ya iso wurin ya haɗu da na Kaduna da reshen Jos a 1927. Jiragen farko da kwal na Inugu da ruwa suke tafiya, daga baya masu shan dizal suka maye gurbinsu, wanda ke nufin garin ya taɓa ganin sauyin makamashi da idonsa, sai dai wancan sauyi hukuma ɗaya ce ta yanke shi, ta sayo injina, ta horar da ma'aikata, ta tanadi wurin gyara. Da jirgin ƙasa ya durƙushe, nauyin ya koma kan titi da kan aljihun ɗaiɗaikun mutane: motocin fasinja masu zuwa Kaduna ta Zonkwa da Kachia, tafiyar kimanin kilomita 200, da masu hawa Jos ta Kagoro da Manchok, da masu gangarawa Akwanga ta Gidan Waya, da manyan motocin da ke kwasar citta daga yankin Jaba da Kachia da Kagarko zuwa Kano da Legas. Sauyin da ake magana a kansa yanzu ba hukuma ɗaya za ta yanke shi ba, dubban mutane ne za su yanke shi ɗaya bayan ɗaya, kowa da kuɗin guminsa, kuma shi ya sa ra'ayinsu ya fi kowace takardar manufa nauyi.

Hujjar da ta fi jan hankalin masu motoci ita ce ta kuɗin tafiya, kuma hujja ce mai ƙarfi. Injin fetur yana ɓarar da mafi yawan ƙarfin man da ya sha a matsayin zafi da hayaƙi, abin da ke isa ƙafafu bai cika wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba, alhali motar lantarki tana amfani da kusan kashi uku cikin huɗu ko fiye na wutar da ta ɗauka. Ana auna wuta da kilowat-awa, wanda shi ne abin da masu mita suke kira yunit idan sun je sayen kati. Ƙaramar motar gida tana shan lita 8 zuwa 10 a kilomita 100, ita kuwa takwararta ta lantarki tana cin yunit 15 zuwa 20 a wannan tazara, don haka idan lita tana naira 1,000 mai fetur zai kashe naira 8,000 zuwa 10,000, mai lantarki kuma, ko da a farashin wuta na rukunin A mafi tsada wanda ya ɗan haura naira 200 a kowane yunit, ba zai kai naira 4,500 ba. A kan wannan akwai sauƙin hidima, tunda babu juyen baƙin mai, babu filogi, babu kulochi, babu salansa, kuma birki yana daɗewa saboda idan motar tana gangara na'urarta tana komawa janareta ta mayar da wani ƙarfi cikin batir, abin da zai yi amfani ga mai saukowa daga tsaunukan Filato zuwa Manchok. Direban haya da yake kai balas kowace yamma, wato kuɗin da ya wajaba ya miƙa wa mai mota kafin ya ga nasa, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kafin ya gane darajar wannan rata.

Amma da zarar an gama wannan lissafi sai tambayar da ba ta taɓa fasa fitowa ta fito: ina wutar take? Kamfanin Kaduna Electric, wanda ya gaji rarraba wuta a jihohin Kaduna da Sakkwato da Kebbi da Zamfara bayan sayar da kamfanonin rarrabawa ga 'yan kasuwa, yana aiki ne a ƙarƙashin tsarin rukuni da hukumar kula da harkar wutar lantarki, NERC, ta shimfiɗa, inda aka yi wa rukunin A alkawarin awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuma awa 4. Wannan alkawari ne a takarda, kuma mazauna garuruwan da suke ƙarshen dogayen layuka sun san yadda iskar farkon damina ko lalacewar taransfoma kan mayar da shi kwanaki na duhu. A Oktoban 2024 kusan dukan Arewa ta shafe fiye da mako guda babu wuta bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, layin da ke biyowa ta Binuwai kuma ya samu matsala, kuma wannan abu bai fita daga zukatan mutane ba. Mai motar fetur idan mai ya yi wuya yana da mafita, ko da mai tsada ce, domin 'yan bumburutu suna bakin hanya da jarkokinsu. Wuta kuwa ba a sayar da ita a galan. Ga kuma lokaci: motar da batirinta ya kai yunit 60, idan aka haɗa ta da soket na gida, za ta kwana ta wuni ba ta cika ba, da na'urar caji ta bango mai kilowat 7 za ta ɗauki kusan dare guda cur na wuta marar yankewa, na'urar caji mai sauri kuwa wadda ke cika mafi yawan batir cikin ƙasa da awa guda tana buƙatar layi mai ƙarfi da jari mai yawa.

Masu son sabon abu sukan ba da amsa biyu, kuma dukansu suna buƙatar a duba su da kyau. Ta farko ita ce janareta, wadda ba amsa ba ce ko kaɗan, domin ƙaramar janaretar fetur ba ta cika ba da fiye da yunit 2 a kowace lita ba, ke nan wanda zai tara yunit 18 don tafiyar kilomita 100 zai ƙona kusan man da zai zuba wa motar fetur kai tsaye, ga ƙara ga hayaƙi, ya zama an gudu ba a tsira ba. Ta biyu ita ce hasken rana, kuma ita ce ke da makoma, amma tana da nata sharaɗi. Faifan sola babba ɗaya yana ba da kimanin yunit 2 a rana mai kyau, don haka tafiyar kilomita 100 kullum tana neman faifai wajen 10, sannan motar da ake nema da ita tana kan hanya ne a lokacin da rana take sama, wanda ke tilasta a sayi wani batirin na gida da zai tara wutar har dare, kuma wannan batiri kaɗai kuɗinsa na iya sayen mota ta hannu. Kudancin Kaduna kuma ba Sakkwato ba ne: damina a nan tana farawa tun Afrilu ta kai Oktoba, gajimare kan rufe duwatsun Kagoro kwana da kwanaki a watan Agusta, da rani kuma ƙurar hunturu tana lulluɓe faifan sai an bi shi da wanki. Ma'aikacin da motarsa ke wuni a ajiye a harabar asibiti ko a reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan ko Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, wanda tafiyarsa ta yini ba ta wuce kilomita 30 ba, shi ne sola za ta fi yi wa daidai idan aka kafa rumfar caji a wurin aikinsa, amma shi ɗin ne kuma albashinsa ya fi nisa da farashin motar.

Farashin shi ne katanga ta biyu, kuma ya ƙara tsawo tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga kimanin naira 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024. Kasuwar mota a wannan yanki ba ta sabuwa ba ce. Ta kwatano ce, wato motar da aka yi amfani da ita a Turai ko Amurka, wadda sunanta ya samo asali daga tashar jiragen ruwan Kwatano ta Jamhuriyar Benin ko da yake an hana shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa a farkon 2017, da kuma ta hannu wadda ta riga ta zaga gida biyu ko uku a cikin ƙasa. Gwamnatin tarayya ta cire harajin VAT a kan motocin lantarki a Oktoban 2024, wanda mataki ne mai kyau, amma ragin kashi 7.5 cikin 100 ba ya kusantar da motar miliyoyi masu yawa ga wanda yake tara kuɗin Golf ko Sharon ta hanyar adashi. A ƙasashen da motar lantarki ta yaɗu, kamar Norway inda kusan tara cikin goma na sababbin motocin da aka saya a 2024 na lantarki ne, ko Sin inda kamfanoni irin BYD suka karya farashi, mutane suna saye ne da bashin banki mai sauƙin ruwa na shekaru, abin da ba ya samuwa ga direban tasha a ƙasar da kuɗin ruwa ya haura kashi 25 cikin 100.

Akwai wani ɓangare na tunanin mai mota da masu tallar sabuwar fasaha ba su cika kula da shi ba, alhali shi ne zuciyar al'amarin. A wurin ɗan kasuwa ko manomin citta ko ma'aikacin da ya yi ritaya, mota ba abin hawa ba ce kawai, ajiya ce, kamar yadda saniya take a wurin makiyayi: ana sayenta a shekarar da amfanin gona ya yi kyau, a sayar da ita ranar da kuɗin makaranta ko na asibiti ya taso, kuma annobar da ta cinye gonakin citta a daminar 2023 ta nuna wa mutanen yankin yadda irin wannan rana take zuwa ba sallama. Toyota Corolla tana da daraja ne saboda ko yau aka kai ta bakin dillalai za a samu mai saye kafin la'asar, kuma kowa ya san yadda ake gwada lafiyarta, a saurari inji, a duba hayaƙi, a leƙa ƙarƙashi. Motar lantarki ta hannu kuwa darajarta tana ɓoye cikin batir, wanda shi ne kashi mafi tsada a jikinta, kuma ba a gane ƙarfin da ya rage masa da kunne ko da ido sai da kwamfuta. Kamfanoni galibi suna ba da garantin shekara 8 ko kilomita 160,000 a kan batir, wanda ke nufin motar da za ta iso Kafanchan a matsayin kwatano za ta iso ne daidai lokacin da garantin ya ƙare ko yake dab da ƙarewa, kuma zafi yana gaggauta tsufan batir. Wanda ya ce yana tsoron ya sayi abin da ba zai iya sayarwa ba, ba jahilci yake nunawa ba, ya fahimci kasuwarsa ne.

Daga nan maganar take kaiwa ga bakanike. Tarihin Fijo a Arewa darasi ne a nan, domin bayan kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, 504 ta mamaye hanyoyin Kudancin Kaduna ba don ta fi kowace mota kyau ba kaɗai, sai don kowane gari yana da wanda ya san cikinta, kowace kasuwa kuma tana da kayan gyaranta, har ta kai mota na iya mutuwa a dajin Kachia da hantsi ta shiga Kaduna da azahar. Motar lantarki kayan cikinta masu motsi kaɗan ne, ba ta yawan lalacewa, amma idan ta lalace aikin ba na mai sifana ba ne, na rewaya ne mai horo na musamman, saboda batirinta yana ɗauke da wuta mai ƙarfin bolt 400 ko fiye wadda kuskure ɗaya a kanta kan iya kashe mutum. Batirin kuma a shimfiɗe yake a ƙarƙashin motar, yana ƙara mata nauyi, wanda ke sa masu bin hanyoyin karkara masu ramuka da kwazazzabai a damina su yi tambayar abin da zai faru ranar da dutse ya doke shi. Su kansu makanikai da masu sayar da baƙin mai da kayan inji suna da murya a wannan muhawara, domin su ne mai mota yake tambaya kafin ya sayi komai, kuma ba abin mamaki ba ne mutum ya yi sanyin baki wajen yabon abin da zai rage masa ciniki.

Ba za a ce ba a yi komai a ƙasar ba. Hukumar tsara da bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, a lokacin shugabancin Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato wanda ya yi suna a Amurka da zanen motar Chevrolet Volt, ta ƙaddamar da Hyundai Kona ta lantarki da kamfanin Stallion ya harhaɗa a Legas, ta kuma buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021, sannan wasu a jami'o'in Legas da Nsukka. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya fara da cire injin ƙananan bas-bas yana sa musu batir, gwamnatin Borno kuma ta shigo da tasi na lantarki cikin sufurin birni a ƙarshen 2023. Abin lura shi ne duk inda abin ya yi tafiya, tafiyar cikin gari ce mai gajeren zango, motocin suna komawa wuri ɗaya su kwana, kuma akwai wanda ya ɗauki nauyin tashar caji. Ita gwamnatin tarayya, ko da yake Nijeriya ta yi alkawari a taron Glasgow na 2021 cewa za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa nan da 2060, ta fi karkata ga iskar gas da ake matsewa a tukunya, wato CNG, wadda ake iya sauya tsohuwar mota ta koma amfani da ita ba tare da an rabu da fetur ba. Wannan ya fi kwanta wa masu motoci a rai saboda motarsu tana nan, bakanikensu yana nan, sai dai tashoshin gas ɗin sun taru ne a manyan birane da kan hanyar Abuja zuwa Kaduna, inda bututun Ajaokuta zuwa Kano yake bi, nesa da Jema'a. Haka nan mota mai ruwa biyu, irin Toyota Prius da ta fara fitowa a 1997, wadda ke haɗa injin fetur da ƙaramin batir mai cajin kansa, tana rage shan mai ba tare da ta nemi soket ba, kuma ga mai zirga-zirga tsakanin Kafanchan da Abuja ita ce matakin da ya fi kusa da hannu.

Masu manyan motocin dizal kusan ba sa cikin wannan zance, kuma suna da gaskiya, domin batirin da zai ɗauki tan 30 na citta daga Kwoi zuwa Legas nauyinsa zai cinye wani kaso na lodin, kuma babu inda za a yi masa caji a hanya.

Inda lissafin ya fi tsayawa da ƙafafunsa shi ne a ƙasa, wajen 'yan acaɓa da masu keke napep da suke kai-kawo tsakanin kasuwar Kafanchan da tasha da Kagoro da ƙauyukan kewaye. Batirin babur yunit 3 ne zuwa 4, wanda mutum ɗaya zai iya ɗagawa, kuma wannan ya ba da damar tsarin musaya, inda ɗan acaɓa ba ya mallakar batirin, yana zuwa rumfa ne ya ajiye wanda ya ƙare ya ɗauki cikakke cikin 'yan mintuna ya biya kuɗin wutar, kamar yadda ake yi da tukunyar gas ta girki. Kamfanin Ampersand yana wannan aiki a Ruwanda da Kenya, Spiro kuma a Benin da Togo kafin ya shigo Nijeriya ta Jihar Ogun. Hikimar tsarin ita ce yana ɗauke wa mai abin hawa abubuwa ukun da suka fi tsorata shi lokaci guda: tsadar batir, da jiran caji, da fargabar tsufansa, tunda duk sun koma wuyan kamfani, rumfar kuma tana iya aiki da sola da rana, lokacin da batiran suke ajiye. Haɗarinsa shi ne ɗan acaɓa ya zama ɗaure da kamfani ɗaya, wanda idan ya ƙara farashi ko ya tattara ya bar gari, babur ɗin ya zama ƙarfe, kuma wannan ne ya sa ƙungiyoyin masu sufuri suke da dalilin neman yarjejeniya a rubuce kafin mambobinsu su shiga. Dokar Lantarki ta 2023, wadda ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, ta buɗe ƙofar ƙananan tashoshin sola masu zaman kansu da za su iya ciyar da irin waɗannan rumfuna ba tare da jiran babban layin ƙasa ba.

Akwai kuma wani abu da ke sa maganar batir ta zama ta gida a wannan yanki fiye da yadda ake zato. A 2016 aka sanar da gano ma'adinin nikel a Dangoma, cikin Ƙaramar Hukumar Jema'a kanta, kuma nikel yana cikin ƙarafan da ake haɗa batiran motoci da su. A makwabciyar Jihar Nasarawa kuma an buɗe masana'antar sarrafa lithiyum, wanda shi ne ginshiƙin batirin, a Mayun 2024. Dutsen da ake haƙowa a wannan shiyya yana tafiya ne a bayan motar dizal zuwa tashar jiragen ruwa, a sarrafa shi a Sin, ya dawo a cikin motar da mutumin da aka haƙa a gonarsa ba zai iya saye ba, yayin da madatsar ruwa ta Gurara, mai ƙarfin megawat 30, take cikin Kudancin Kaduna ɗin da direbobinsa suke tambayar inda za su samu wutar caji.